Yadda ake gina gadar katako mai rufi a kan hanyar shaƙatawa

Duk wanda ya zauna a unguwar Aboabo ko Sawaba a Kumasi ya san irin kadarkon da muke tsallaka rafi da shi: gungume biyu, falanki a kai, a buga ƙusa, a ce an gama. Bayan damina biyu ko uku sai ka ga katakon ya yi baƙi, ƙusoshi sun ɗago, tsakiya ta fara lotsawa, mata masu kaya a ka suna takawa da bismillah. Sai a ce ai katako ba ya ƙarko a ƙasarmu. Wannan magana tana yi mini ciwo, don ni kafinta ne, kuma na san ba laifin katakon ba ne. An bar shi ne a buɗe, ruwa yana dukansa yana kwana a cikinsa.

Rufin gida ne yawancin aikina. Na koyi sana'a a hannun maigidana tun masu katakon Kumasi suna unguwar Anloga, kafin a mayar da su Sokoban. Gada mai rufi kuwa na gina ta ne wa wani Alhaji da ya mayar da gonarsa wurin shaƙatawa a hanyar tafkin Bosomtwe, inda hanyar ƙafa ke ratsa wata ƙorama. Tsawonta mita 12, faɗin wurin takawa mita 1.8. Da ita zan riƙa ba da misali, domin wanda ke da irin wannan wuri, ko ƙungiyar unguwa, ko makaranta, ya san abin da zai nema da abin da zai ƙi.

Dabarar tsohuwa ce. A birnin Lucerne na Suwizalan akwai gadar katako mai rufi, Kapellbrücke, tun ƙarni na 14. A Kanada akwai ta Hartland mai tsawon mita 391. Kuma har yau ana ginawa: a jihar Ohayo ta Amurka an buɗe gadar Smolen-Gulf a 2008, mita 187, motoci na bi, daga baya a 2016 aka ƙara wata ƙarama kusa da ita a kan kogin Ashtabula, ta masu yawo da ƙafa kawai. A can sun lissafa cewa gadar katako marar rufi ba ta cika wuce shekara 20 ba, mai rufi kuwa tana iya haura 100. To wannan a ƙasashen sanyi ke nan. Mu a Kumasi damina biyu gare mu a shekara, babba daga wajen Maris zuwa Yuli, ƙarama daga Satumba zuwa Nuwamba, ruwan da ke zuba ya kai wajen milimita 1,400, ga ɗumi, ga gara. Mun fi su buƙatar rufin nesa ba kusa ba.

Ƙa'idar guda ce, kuma duk manomi ya san ta daga rumbu: a ɗaga shi kan duwatsu kada ya taɓa ƙasa, a kifa masa jinka mai faɗi, a bar iska tana ratsawa. Katakon da laimar cikinsa ba ta kai kashi 20 cikin ɗari ba, ruɓa ba ta kama shi. Saboda haka a kowane mataki tambayar da za ka riƙa yi ita ce: in ruwa ya zo nan, ta ina zai fita, kuma me zai busar da wurin?

Wuri da izini

Kada ka zaɓi wurin gada a watan Janairu da idonka kaɗai. A lokacin hunturu ƙorama tana kwance kamar ba ta taɓa cika ba. Nemi tsoho a ƙauyen, ka gaishe shi yadda ya kamata, ka ce, "Nana, ina ruwan nan yake kaiwa in ya cika sosai?" Wanda ya nuna mana wurinmu bai yi dogon bayani ba, sanda ya ɗaga ya taɓa jikin wata bishiya a wurin da ya kai mini ƙirji. Ka duba kuma da kanka: ledoji da ciyawa da suka maƙale a rassa shaidar cikar bara ce. Ƙasan gadarka ya zama aƙalla santimita 60 sama da wannan alama, in da hali mita guda, domin ambaliya ba ruwa kaɗai take kawowa ba, tana jawo gungume da reshe da tarin shara, kuma su ne ke tokare gada su ture ta.

Nemi inda ƙoramar ta miƙe. A kwana, ruwa yana cin gaɓar waje kowace damina, wata rana zai iso ƙarƙashin ginshiƙinka. Ka kuma ja da baya daga bakin gaɓa. Ƙoramar Alhaji faɗinta bai fi mita 8 ba, amma muka yi gada mita 12 don ginshiƙai su zauna a kan ƙasa mai ƙarfi. Da farko ya ce, "Masta, wannan ƙarin mita huɗu ba ɓarnar kuɗi ba ce?" Na ce, "Alhaji, ranka ya daɗe, mita huɗun nan su ne gadar." Ya yarda, Allah ya saka masa.

A ƙasar Asante fili na hannun sarakuna, don haka ko gonar taka ce, ka sanar da sarkin garin kafin ka taɓa bakin ruwa. Akwai rafukan da al'adar mutanen wurin ta hana aiki a bakinsu a wasu ranaku. Ka tambaya, ka tsara aikinka a kan haka, zaman lafiya da maƙwabta ya fi kwana guda na aiki. Sannan takardar izinin gini daga Asambulin yankin. In aikin zai taɓa hanyar ruwa, sai ka ji ta bakin hukumar albarkatun ruwa da hukumar kare muhalli. In kuwa cikin gandun gwamnati ne kamar Bobiri ko Owabi, hukumar gandun daji ce ke da magana.

Ga abin da ba na sassautawa a kansa: injiniyan gini mai rajista ya yi lissafi ya sa hannu. Kafinta ya san katako, amma kaurin kowane katako da kowane rodi lissafi ne. Gadar ƙafa ana auna ta ne a kan za ta ɗauki wajen kilo 500 a kowace murabba'in mita. A tamu, wannan ya kusa tan 11 na mutane, ban da nauyin gadar kanta. Ka ce yaushe mutane za su cika haka? Ranar yawon Sallah. 'Yan makarantar Islamiyya sun zo da bas, ruwa ya tsuge, kowa ya ruga ƙarƙashin rufin, rabinsu sun jingina gefe guda suna ɗaukar hoto. Rufin da ke kare katako shi ne kuma ke tara jama'a, dole a yi lissafi da wannan ranar.

Katako

A nan ne ake cin riba ko a tafka asara, don haka bari in tsaya sosai.

Itatuwan wawa, onyina da ofram ka manta da su a jikin gada. Suna da sauƙin aiki da araha, amma gara da ruɓa ba sa ɗaga musu ƙafa. Amfaninsu a nan shi ne akwatin zuba kankare da dandamalin wucin gadi. Don sassan da ke ɗaukar nauyi da waɗanda ke kusa da laima, itatuwan da na yarda da su su ne kaku, denya, kusia da potrodom. Kaku shi ne sarkinsu wajen jure ruwa, da shi ake shimfiɗar layin dogo da aikin tashar jirgin ruwa. Ja ne mai duhu, da ɗigo-ɗigon fari a cikin jijiyarsa, kuma nauyinsa ya haura tan guda a kowace mita kubik (mita guda a tsawo, faɗi da kauri), har nutsewa yake yi a ruwa. Amma yana dakushe zarto, ba ya karɓar ƙusa sai an huda, kuma nauyinsa kansa kaya ne a kan gada. Shi ya sa na ajiye shi don wuraren da suka fi shan wuya: matashin da gada ke zama a kai, da falankin daɓe na bakin shiga. Firam ɗin, wato ƙashin gadar mai ɗaukar nauyi, da kusia muka yi shi. Launinsa rawaya ne mai ja-ja, ya fi kaku sauƙin nauyi da sauƙin aiki, kuma yana da ƙarko. Odum kowa ya san darajarsa, amma ya yi ƙaranci, gwamnati ta taƙaita saransa, kuɗinsa ya hau. Ban ga dalilin zuba shi a gada ba. Dahoma yana yi a rafta da allunan gefe. Tik na gonakin bishiya ma yana yi, in ya manyanta.

Ko a itace mafi ƙarko, farin ɓangaren nan na kusa da ɓawo ba shi da ƙarko ko kaɗan. Cikin itacen ne kawai ke jurewa. Mai sayarwa zai ce maka, "Masta, ɗan fari ne kawai a gefe." Wannan ɗan farin shi gara za ta fara ci, ta bi ta nan ta kai wurin noti. A ƙaramin tik kuwa farin kan yi yawa. Ka juya kowane katako fuska huɗu. Ka ƙi mai babban ƙulli a tsakiya, ka ƙi wanda jijiyarsa ta karkace ta fita ta gefe, ka ƙi mai tsaga a baki da ta yi nisa.

Ka sayi na injin yanka mai takarda. Tun 1998 doka ta hana sayar da katakon da aka tsaga da injin hannu a daji, kuma ban da maganar doka, irin wannan katako kaurinsa ba ya daidaita, za ka ɓata rabinsa wajen gyara. A Sokoban za ka samu yawanci mai tsawon ƙafa 14 ko 16. In kana son wanda ya fi haka, sai ka yi oda tun da wuri. In kana shakkar sunan itacen da aka sayar maka, cibiyar binciken gandun daji da ke Fumesua aikinta ke nan, ka kai musu guntu.

Kada ka yi aiki da ɗanye. Ka jera shi a inuwa, sama da ƙasa, da 'yan sanduna tsakanin kowane layi don iska ta ratsa, ka shafe bakunan da fenti ko kakin zuma don kada su tsage, ka ɗora nauyi a kai. Falanki yana bushewa cikin 'yan watanni, mai kauri kuwa yana ɗaukar lokaci mai tsawo, kuma gaskiya kaku mai kauri ba zai gama bushewa kafin ka fara aiki ba. Zai ci gaba da tsukewa a jikin gadar. Wannan ne ya kai ni ga irin firam ɗin da na zaɓa.

Firam mai rodi

Bangon gefe biyu na gada mai rufi su ne ke ɗaukar nauyi. Kowane firam ne na alwatika-alwatika, irin dai wanda muke yi a rufin masallaci, sai dai a kwance tsakanin dogon katako na sama da dogon katako na ƙasa. Akwai salo da dama. Ithiel Town ya yi rajistar nasa a 1820, na falanki masu gicciye kamar saƙa. Yana da kyau amma yana cin katako da huda ba iyaka. Wanda na ga ya dace da mu shi ne na William Howe, na 1840: tokara ta katako a karkace, rodin ƙarfe a tsaye. Kowace tokara ƙafarta na wajen gaɓa, kanta na kallon tsakiyar gada. Nauyi yana danne tokara, yana jan rodi, kuma abin da kowannensu ya fi iyawa ke nan. Babbar fa'idarsa a wurinmu ita ce rodin yana da noti sama da ƙasa. In katako ya tsuke mahaɗa ta saki, sai ka ɗauko sifana ka ɗaure, gada ta koma daidai. Firam ɗin da aka yi da turmi da taɓarya na katako zalla, wato bakin wani katako a cikin ramin wani, in ya saki, gyaransa sai an sha wuya.

Tamu mun raba ta ɗaki shida, wato tsakanin rodi da rodi, kowane mita 2, tsayi daga daɓe zuwa katakon gicciye na sama mita 2.6, don mai kaya a ka ta wuce ba tare da ta sunkuya ba. A ɗakunan tsakiya mun ƙara tokara ta biyu ta gicciya ta farko, saboda lokacin da jama'a suka taru a rabi guda. Bakin tokara ba ya zama kai tsaye a kan dogon katako. Ana sa masa ɗan takalmi, na kaku ko na ƙarfe, wanda aka ɗan nutsar a jikin dogon katakon don kada ya zame.

Rodin ba irin mai ƙaya-ƙaya na zuba kankare ba ne. Mai santsi ne, guda ɗaya daga sama har ƙasa, ba walda a tsakiya. A Magazin na Suame, unguwar masu aikin ƙarfe, za a yanka maka zare a bakunansa, a yanka maka faranti masu kauri da za su zauna ƙarƙashin noti. Ƙaramin washa nutsewa yake yi cikin katako. Duk ƙarfen da zai shiga jikin gada ya zama galbanayiz ko wanda ba ya tsatsa, don ruwan jikin waɗannan itatuwa yana cin baƙin ƙarfe, ya bar baƙin tabo, ramin ya faɗaɗa.

Dogon katakon ƙasa shi ne ran gadar, ja yake sha daga wannan gaɓa zuwa waccan, kuma ba za ka samu guda mai mita 12 ba. Dole a yi haɗi. Ana jera katako biyu ko uku kafaɗa da kafaɗa, da ɗan tsakani don iska, a kuma tabbatar haɗinsu bai faɗo wuri guda ba. Kowane haɗi da farantin ƙarfe gefe da gefe. Ramin noti na ƙarshe ya yi nisa da bakin katako aƙalla ninki bakwai na kaurin ƙusar. In ta milimita 16 ce, santimita 11 da ɗan ɗoriya ke nan. Ramin ya fi ƙusar faɗi da milimita guda kawai. Yaran shago suna son faɗaɗa rami don ƙusa ta shige da sauri. Ka tsaya a kansu a wannan wuri.

Ana kuma yi wa gada ɗan doro. Tamu tsakiyarta ta fi bakunan tudu da santimita 5. In nauyi ya hau ta kwanta kaɗan, ba za ta yi ciki ba.

Firam biyu a tsaye ba su zama gada ba sai an ɗaure su da juna. A sama, katakon gicciye a kan kowane rodi, da tokara mai gicciye a kwance tsakaninsu, da guntayen tokara a kowace kusurwa. A ƙarƙashin daɓe ma haka. Iskar farkon damina da ke kwashe kwanon makarantu a garuruwanmu ba za ta ƙyale gada ba, kuma gada mai rufi da allunan gefe ta fi marar rufi tare iska. Don haka a ɗaure rafta da ƙarfe, a kuma kafe gadar kanta a jikin kankare.

Ginshiƙi da ɗorawa

Aikin ƙasa na hunturu ne, Disamba zuwa Fabrairu. A haƙa har a wuce baƙar ƙasa da laka, a kai ƙasa mai tauri, a kuma gangara ƙasa da gindin ƙoramar don kada ruwa ya rarake ƙarƙashi. Rodi da gwargwadon siminti bisa zanen injiniya. A riƙa jiƙa kankaren mako guda, kuma kada a ɗora masa nauyi sosai sai ya cika kwana 28. Gaban ginshiƙin a jera masa manyan duwatsu.

Abubuwa uku nake roƙon birkila, kuma nakan tsaya har ya yi su. Saman ginshiƙi ya ɗan gangara wajen ruwa don kada ruwa ya kwanta. Kankaren ya fito fili aƙalla santimita 40 sama da ƙasa ta kowane gefe, don in gara ta gina hanyarta ta laka a gan ta. Sannan a bar tazarar yatsu uku tsakanin bakin katako da bangon da ke tare ƙasa a bayansa. Gadoji da yawa daga nan suke mutuwa: an cusa bakin katako cikin ƙasa ko cikin siminti, ya sha laima ta jijiyarsa. Dogon katakon kuma ba ya zama kan kankare kai tsaye. Ana shimfiɗa roba mai kauri ko takardar kwalta, a ɗora guntun kaku a matsayin matashi, sannan gada ta hau. In matashin ya ruɓe bayan shekaru, shi kaɗai za a canza.

Firam ɗin a fili mai lebur ake haɗa shi tukuna, a kwance, a huda, a gwada komai, a sa wa kowane katako lamba, sannan a kwance shi a kai bakin ruwa. In za ka shafa maganin gara da na ruɓa, a nan filin za ka yi, a kan tamfol, musamman a bakin da aka yanka da cikin ramuka. Baƙin mai na mota da maganin ƙwari da wasu ke gaurayawa su shafa wa katakon rufi, kada ya kusanci ƙorama. Mutane na ƙasa suna wanki da ita, wasu ma sha suke yi. Yaranka kuma su rufe hanci lokacin yanka, ƙurar dahoma da odum tana sa tari da ƙaiƙayi.

A cikin ƙoramar da ta janye sai a kafa dandamalin wucin gadi, tsakiyarsa ta ɗan fi tudu daidai doron da ake so. A shimfiɗa dogayen katakan ƙasa, a ɗora katakan gicciye na daɓe kusa da inda rodi zai sauka, a jefa falanki don a samu wurin tsayawa, sannan a tayar da tokara da katakon sama ɗaki-ɗaki. Duk abin da aka tayar a tokare shi nan take, kada a tafi cin abinci a bar firam tsaye shi kaɗai. Ɗaurin rodi daga tsakiya ake farawa a nufi bakuna, gefe biyu tare, kaɗan-kaɗan. Sai an gama ɗaurin sama da na ƙasa ake sassauta dandamali, shi ma a hankali, ana auna yadda tsakiya ke sauka. Kuma a kwashe shi kaf kafin ruwan Maris.

Rufi da gefe

Rufin ya yi gangara sosai, wajen digiri 30, don ruwa da ganye su zame. Kwanon aluzinc mai kauri, da ƙusa mai roba a kan tudun kwano. Bakin rufin ya zarce firam da santimita 60 ko fiye ta kowane gefe, a bakin shiga biyu kuwa ya zarce da mita guda, don a nan ne ruwa mai iska ke kutsowa ya jiƙa ƙarshen katako, wato daidai inda gadar ke zaune. Ba na sa indararo. Ganye ke toshe shi, ya cika ya dawo kan katako. Ruwan ya zuba cikin ƙorama, wanda ke sauka kan gaɓa kuma a tare shi da tsakuwa.

Allunan gefe a tsaye ake buga su, don ruwa ya bi jijiya ya sauka. Su rufe dogon katakon ƙasa, su zarce shi da yatsu huɗu don ɗigon ya faɗi a iska. Kada a manna su a jikin firam. A sa tubaitu, wato siririn katako mai inci biyu-biyu, tsakani, iska ta samu hanya. A ƙasashen sanyi sukan rufe har sama, su bar 'yan tagogi. Ban yarda da wannan a wurinmu ba. Mu mun tsaya a tsayin ƙirji, muka bar sama a buɗe, inuwar bakin rufi tana kare ta. Dalilina biyu ne. Ɗumin Kumasi in aka kulle shi cikin akwatin katako, naman gwari zai tsiro. Na biyu kuma, wuri mai duhu da ba a ganin cikinsa daga waje, mace ita kaɗai ba za ta so shiga ba, uwa ba za ta bar ɗanta ya bi ba, kuma masu shaye-shaye za su mayar da shi nasu. Gadar shaƙatawa, wanda ke bakin nan ya hango wanda ke bakin can.

Falankin daɓe kaurinsa santimita 5, a bar tsakanin kowane biyu kamar kaurin ƙusa babba, don ƙasar takalmi da ruwa su zube. A huda kafin a ɗaura, a yi da sukuru. A ciki a sa marikin hannu mai tsayin mita 1.1, kuma kada a bar wani rami da ya kai santimita 10, kan ƙaramin yaro yana shiga abin da ba ka zato. Hanyar da ke hawa gadar ta zo a hankali, kada ta wuce tashin mita guda cikin mita 12, ba matakala, don keken guragu da tsofaffinmu masu ciwon gwiwa. Ta kuma ɗan karkata gefe, kada ruwan hanya ya gangaro cikin gada. A kowane baki a kafa turken ƙarfe ko na kankare. In ba haka ba, wata rana za ka tarar da aboboyaa, babur ɗin kaya mai taya uku, cike da bulo a tsakiyarta, kuma ba a yi lissafin daɓen da tayar da ke danna wuri guda ba.

Bayan an buɗe

Wuta ita ce abin da rufi ba ya karewa. Gadar Lucerne ɗin nan da ta yi ɗaruruwan shekaru, a dare guda na 1993 gobara ta cinye mafi yawanta, sai sake ginawa aka yi. Kada a bar mai gasa masara ko mai tsire ya kafa murhu a ciki, komai ruwan da ake yi. A yi musu rumfarsu can gefe. Kada a ƙona shara a ƙarƙashi. Kafin hunturu a sare ciyawa a kewaye, mita da dama, saboda wutar daji.

Tun ranar miƙa aiki a ambaci mutum guda da sunansa a matsayin mai kula, a ba shi sifana da ta dace da notin, a kuma ware masa ɗan kuɗi. A ƙarshen hunturun farko katako zai tsuke sosai. A bi rodi da noti ɗaya bayan ɗaya a ɗaure, a maimaita a shekara ta biyu, daga nan sai dubawa. Shara kowane mako, musamman lungun da daɓe ya haɗu da firam, inda ƙasa ke taruwa ta riƙe laima. Ranar da ake ruwa sosai ya shiga ciki ya ɗaga kai ya nemi yoyo. Kwano guda da ya ɗago, in an bar shi damina biyu, ya isa ya lalata mahaɗar da ke ƙarƙashinsa. Bayan kowace babbar cika ya sauka ya duba gindin ginshiƙi, ya cire abin da ya maƙale, ya kankare duk hanyar gara da ya gani ya bi ta har gidanta. Sau ɗaya a shekara ya ɗauki sukurdireba ya caccaki matashin da bakin dogayen katakai. In ƙarfen ya shige da sauƙi, a rufe gadar a kira kafinta: jak biyu na babbar mota sun isa a ɗaga baki guda kaɗan, a zare tsohon matashi, a sa sabo.